Ayaba a Motar Kigali

Motar Kigali ta wuce garin Nyanza ke nan Dusabe ta lura hannun mahaifinta na rawa a kan sandarsa. Gumi ya jiƙa wuyan kwat ɗinsa, alhali iskar tuddai na shigowa ta taga da sanyinta. Ta san abin da ake ciki, don ita ke raka shi ganin likita a Kigali kowane wata. Da safe ya yi allurar ciwon sukarinsa, sai gudun kada mota ta tashi ya sa suka fito bai sa komai a baki ba.

Ta buɗe jakar takarda, ta ɓare ayaba, ta miƙa masa.

"Baba, ci wannan."

Tsoho Gakwaya ya dubi ayabar, ya dubi fasinjoji, ya mai da ido kan hanya.

"Mayar. Sai mun isa."

"Kigali da sauran tafiya. Sukarinka ne ya sauka."

"Tun da na yi gemu ba a taɓa ganina ina tauna a hanya ba. Ni akuya ne?"

Dusabe tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya a Huye, kuma ta gaji da ganin dattawa ana kawo su ranga-ranga saboda kunya. A kujerar gaba wata Baturiya ce ta rungume jakarta, tana cin biskit hankali kwance.

"Ga waccan tana ci. Wa ya mutu?"

"Baƙuwa ce," in ji shi a hankali. "Ba ta da surukai a ƙasar nan."

Wata dattijuwa a bayansu ta taɓa kafaɗar Dusabe, ta miƙo mayafinta.

"'Yata, kare shi da wannan ta gefen taga. Ba wanda zai gani."

"Sata yake yi, Mama? Me za a ɓoye?" Muryarta ta ɗaga ba ta sani ba. "Wannan ɓoye-ɓoyen ne ya hana mu ci gaba. Jama'a, ku yi masa magana mana. Mutum yana da ciwon sukari, kunya za ta kashe shi, kuna zaune."

Ba wanda ya waiwayo. Kowa ya samu abin kallo a cikin gonakin ayaba. Direba ma ya rage sautin rediyo.

Gakwaya ya gyara zama, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa na sama. Ciwon da ko abokansa na coci ba su sani ba, yanzu mota guda ta ji. Dusabe ta ga ya datse baki, sai ta gane ko an kare shi da bargo goma ba zai ci ba.

Kafin su shiga garin Muhanga kansa ya langaɓe a kafaɗarta.

Direban ya karkata zuwa asibiti. Maza biyu suka ɗauke shi, aka sa masa ruwan sukari a jijiya. Motar ta tafi ta bar su.

Da la'asar ya buɗe ido. Ɗakin cike yake da masu jinya da 'yan dubiya. Dusabe ta tashi ta ja labule ta kewaye gadon, ta ajiye sauran ayabar kusa da hannunsa, ta juya masa baya tana kallon bango. Can ta ji yana ɓarewa, ta ji yana tauna a hankali.

"Baba, daidai na faɗa fa."

"Daidai kika faɗa," ya ce. Ya haɗiye. "Wata mai zuwa ƙaninki zai rako ni."

Da ta juyo don ta kwashe ɓawon, ta ga mayafin dattijuwar nan ninke ƙarƙashin kansa. Ba ta san lokacin da aka sa shi ba. Ko sunan matar ba ta tambaya ba.