Tsirkiya Ɗaya a Ɗakin Lasisi

"Wallahi Yaya, kukan mace ne," in ji Gwadabe daga bakin kicin. "Kullum bayan azahar. Tun ƙaramar sallah ba wanda ya sa Morenike matar Lasisi a ido. Kulle ta ya yi."

Hajiya Balaraba ba ta ɗago daga dankalin da take ferewa ba. Ta tsufa tana koyarwa a firamare, ta san yadda magana ke ƙiba kafin ta ƙetare layi biyu a unguwar Dutse Uku.

"Kai ka ji, ko ji ka yi an ji?" ta tambayi ƙanin nata.

"Duk layi an ji. Wasu ma cewa suke tsafi ne. Samari sun ce in ba ki kore shi ba, bayan la'asar za su ɓalle ƙofar."

"Ƙofar gidana? Ubansu ne ya kafa ta?"

Lasisi ya daɗe yana haya a gidanta na ƙasan layi. A da shi ne makaɗin jita a bukukuwan Yarbawa, irin jitar da ake kwantarwa a cinya, a riƙa zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Balaraba ta riga ta yanke cewa jitar mutane ke ji. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Duk sanda ta tambaye shi matarsa, sai ya ce ta tafi garin Ogbomosho, alhali ran nan ta hango zannuwanta jiƙe a kan igiya.

Ta yafa mayafi ta gangara. Ba ta yi sallama ba, ta tsaya jikin tagarsa.

Wani siririn sauti ya taso, ya haura, ya zame ƙasa yana rawa. Ta yi murmushi. Jita ce, kamar yadda ta zata. Har ta juya, sai wani sautin ya bi bayan na farko, a dishe, ya karye a tsakiya, mai shi ya ja numfashi. Tsirkiya kuwa ba ta numfashi.

Ta buga ƙofar da tafin hannu. Lasisi ya buɗe kaɗan, ya tare da jikinsa.

"Hajiya, sannu. Ba ta dawo ba."

"To wa ke numfashi a bayanka? Matsa."

Morenike na jingine da matashi a kan katifa. Matar da ake jin cinikin atamfarta daga wancan ƙarshen kasuwar Taminus, ga ta bakinta ya karkace, hannun dama yashe a cinya. Da na hagun ta ja zane ta rufe fuska. Balaraba ta dubi ƙofar, babu kwaɗo. Ta durƙusa ta duba wuyan hannuwanta, babu shatin igiya. Duk da haka ta tambaya.

"Yana dukanki? Ki matse min hannu in yana yi."

Morenike ta ture hannun da ƙarfi.

"Jiki ne ya shanye, magana ya tafi," in ji Lasisi da gurguwar Hausarsa. "In na ce zan kira mutane, sai ta juya bango, ta ƙi abinci. To yaya zan yi, Hajiya?"

"Jitar fa?"

Ya zauna ya ɗora ta a cinya. Ya ɗaga gindin ƙarfen, kansa kaɗai ya taɓa tsirkiya guda, gefen tafinsa ya danne sauran suka yi shiru.

"In na buga duka, kanta yana ruɗewa. Sai ɗaya, kamar baki ɗaya. Yarenmu hawa da sauka ne, kin san yadda kalangu ke kiran suna."

Ya ja tsirkiyar, ya zamar da ƙarfen a hankali. Ya maimaita. Daga ƙarƙashin zanen muryar ta biyo, tana tuntuɓe.

"Bi... so... la."

Sunan 'yarsu ne. Balaraba ta juya ga Morenike.

"Iya Bisola, samari na zuwa ɓalle ƙofar nan," ta ce. "Ko su shigo su gan ki, ko ni in fita in faɗa. Ba zan faɗa ba sai kin yarda."

Morenike ta sauke zanen. Ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta gyaɗa kai.

A ƙofar gida Gwadabe na tsaye da samari, ɗaya riƙe da rodi yana ɓoye shi a bayan ƙafa.

"To Yaya, macen ce ko jitar?"

"Duka biyun ne," in ji Balaraba. "Ɓarin jikin Morenike ya shanye, maganarta ta ɗauke. Mijinta na kaɗa mata tsirkiya ɗaya, tana bi, tana koyon faɗin sunan 'yarta."