Kundin Matar Dakta

Sai da Mai Laburare ya sa aka ja labulen tagogi sannan rubutun da majigi ke haskawa a bango ya fito sosai. Dakta na zaune a layin gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jiran a zo kan sunansa.

Yana da dalilin jira. Shekara biyu da suka wuce jami'o'i talatin da ɗaya suka haɗa kai suka gina rumbu guda a intanet, inda kowace za ta zuba binciken malamanta da kundayen ɗalibanta, kowa ya karanta kyauta. Shi ya wakilci Tsangayar Ilimi a kwamitin. A nan zauren ya tsaya ya yi jawabin da aka yi ta tafawa, kan kundayen da gara ke cinyewa a ɗakin ajiya, da kan manhajar rumbun wadda ba ta kowa ba ce, ta kowa ce. Maƙalunsa goma sha bakwai ne farkon abin da aka zuba.

"Ga ayyuka ashirin da aka fi saukewa daga jami'armu," in ji Mai Laburare, dattijon da ya tsufa a cikin littattafai.

Dakta ya bi jerin da ido daga ƙasa. Ba ya cikin na ashirin, ba ya cikin na goma. Da ya kai na ɗaya sai ya sauke ƙafarsa. Kundin digiri na biyu ne, "Yaran da Ba Sa Ganin Allo", an sauke shi sau dubu tara da 'yan kai. Sunan da ke ƙarƙashi na matarsa ne.

Shugaban sashe ya miƙo hannu daga baya ya dafa kafaɗarsa. "Dakta, ashe farfesar tana gida, kai aro aka ba mu!"

Zauren ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, iya haƙora. Da ya koma ofis ya rufe ƙofa ya buɗe shafinsa na rumbun. Maƙalarsa da ta fi kowace kasuwa an sauke ta sau arba'in da ɗaya, kuma ya san aƙalla goma daga ciki hannunsa ne.

* * *

Matar tasa malamar aji uku ce a firamare. Shi da kansa ya matsa mata ta koma karatu, don yana son a ce matar Dakta ma digirinta biyu. Ita kuwa sai ta ɗauki abin da gaske. Shekara guda ta yi tana zagaya makarantu da wani kwali da ta zana wa haruffa manya da ƙanana, tana tsayar da yara taku shida daga gare shi. Ta gano da yawa daga waɗanda ake cewa daƙiƙai, ake zane su ana tura su bencin baya, allon ne kawai ba sa gani. Ranar da ta kawo masa kundin da sabon bango, ya duba gabatarwa, ya ce, "Ba laifi," ya miƙa mata abinta.

Bai gaya mata abin da ya faru a zaure ba. Bayan kwana uku, da la'asar, ta tare shi tun a bakin ƙofa, hannu ɗaya da kumfar wanki, ɗaya riƙe da waya.

"Baban Auta, karanta ka gani! Wallahi sau uku na karanta, na ɗauka ba ni ake nufi ba."

Saƙo ne daga wata malama a ɗaya daga cikin jami'o'in haɗakar. Ta ce a rumbu ta ci karo da kundin, sun gwada kwalin a makarantu arba'in, yara fiye da ɗari biyu sun samu tabarau. Suna roƙon ta zo ta yi mako guda tana koya wa malamai.

"Madalla," ya ce, ya mayar mata da wayar. "Akwai ruwan wanka?"

A banɗaki ya daɗe tsaye bai taɓa ruwan ba. Shekara ashirin da biyu yana koyar da yadda ake koyarwa, ba wanda ya taɓa aiko masa da saƙo irin wannan. Kwali! Kwalin taliya da alƙalamin zane! Shi da ya ƙare idonsa kan manyan littattafai, yau a cikin gidansa mai gyara wa yara riƙon fensir ce za a aiko wa da mota. Ya san ba kyau abin da yake ji. Ya yi istigfari, abin bai sauka daga ƙirjinsa ba.

Tun daga ranar kullum sai ya buɗe shafinta kafin nasa. Lambar tana hawa, shi kuwa abinci yana raguwa a cikinsa.

* * *

Ya sami Mai Laburare a ɗakin ƙasa, yana kaɗe ƙura daga wani tsohon kundi kafin a ɗauki hotonsa shafi-shafi.

"Akwai wani aiki da nake so a cire daga rumbu," in ji Dakta. "Na iyalina. Na ga kura-kurai a ciki."

Dattijon ya leƙo shi ta saman tabarau. "Ranka ya daɗe, ai kai ka rubuta mana ƙa'idar. Abin da ya shiga rumbu ba ya gogewa. Kwafinsa yana jami'o'i uku, ko nan ta ƙone yana nan. In kuskure ne, ta kawo gyara mu liƙa."

"Ba a rufewa?"

"Ana rufewa, ya zama ba mai iya buɗewa. Amma sai mai aikin ta nema da hannunta." Ya ajiye kundin da ke hannunsa. "Jikata tana sa tabarau yanzu. Malamarsu ce ta gwada ta da kwalin nan. Da, mu ma cewa muke yi wasa ya yi mata yawa."

Dakta ya miƙa hannu. Dattijon ya jawo durowa a hankali, kamar mai ciwon baya, ya zaro fom ɗin neman rufewa.

* * *

Ranar Asabar da hantsi ta zauna a falo tana duba littattafan 'yan ajinta. Jakar tafiyar da ta aro wurin ƙanwarta tana jingine da bango. Ya zauna kusa da ita ya ajiye fom ɗin a kan tebur.

"Maman Auta, akwai maganar da ban so na gaya miki ba. A makaranta ana ta ƙananan maganganu. Wai ni na rubuta miki kundin nan. Kin san takarduna suna gaban kwamitin ƙarin girma. In maganar ta kai can, shekarun nan duk sun tafi a banza."

"Wa ya faɗa?"

"Mutane."

"Su wa?"

"Haba, sai na kawo miki su gida? Na ɗan lokaci ne. A rufe shi, tafiyar ma ki ba su haƙuri, in ƙura ta lafa sai a buɗe."

Ta ajiye jan biron da ke hannunta ta dube shi. Shekara goma sha tara suna tare, ta san yadda yake sosa gefen hanci in maganar ba haka take ba. Ya ji yatsansa a wurin, ya yi maza ya sauke.

"Baban Auta, ka taɓa karanta shi har ƙarshe?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambaya ce kawai. Da ka karanta, da ka san ba wanda zai ce kai ka rubuta."

Ransa ya ɓaci, kuma ya ji daɗin ɓacin, don ya samu abin riƙewa. Ya miƙe yana cewa wato yanzu har ta kai ta yi masa gori, to ta zaɓa, ko kundi ko mutuncin mijinta. Bai ƙarasa ba ya ga ta jawo fom ɗin. Ta karanta shi tsaf, layi-layi. Inda aka ce a faɗi dalili ta rubuta, "Na gida." Ta sa hannu, ta ci gaba da duba littattafan yara.

* * *

Ranar Litinin shafin ya canza. Sunanta yana nan, taken yana nan, amma a ƙasa an rubuta cewa an rufe aikin bisa buƙatar mai shi. Lambar ta tsaya cak. Dakta ya zauna yana kallonta, yana jiran sanyin da ya zata zai ji.

Ba ta yi masa gaba ba. Abincinsa na kan tebur a kan lokaci, kayansa a goge. Ta mayar wa ƙanwarta jakar. Bai ji ta sake ambatar tafiyar ba, bai kuma san abin da ta rubuta wa malamar can ba.

Wata yamma yana zaune a falo da jarida, autarsu, wadda ke aji biyu na sakandare, ta fito daga ɗaki da littafi ta wuce shi ta nufi uwar, wadda ke ninke kayan shanya a kan tabarma.

"Mama, dubo mini wannan tambayar, na kasa gane ta."

Uwar ba ta ɗago ba. Ta kama kafaɗun wata rigarsa ta haɗa su daidai, ta shafe da tafin hannu.

"Kai wa babanki," ta ce a hankali. "Shi ne mai ilimin gidan nan."

Yarinyar ta juyo ta tsaya a gabansa, ta miƙo littafin a buɗe. Dakta ya riƙe jaridar da hannu biyu, ya kasa sauke ta.