Abin da Ban Faɗa wa Yaya Ba

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, muna haɗa allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Aikina in duba jinin waɗanda aka yi wa allurar, in ga ko jikinsu ya samu garkuwa. A wurin taro in aka ba ni makirfo, sai an ƙwace. Amma a gida in an tambaye ni, sai in ce, "Magunguna dai muke yi." Yaya ce ta goya ni, ita ta yi mini wanka har na shiga makaranta. A gabanta zan ambaci mahaifa? Haba.

Yaya tela ce. Wata Asabar ta kawo mini labulen falo da ta ɗinka, ta hau kujera tana ratayawa. Ba ta juyo ba ta ce, "Auta, kai da kake cikin likitoci. Jini nake gani, kuma ba lokacinsa ba. Wata huɗu ke nan."

Wallahi na san abin da hakan ke iya zama, babu wanda ya fi ni sani a unguwar. Sai ga ni ina ta juya ƙugiyar labule a hannu kamar ranar na fara ganinta.

"Ƙila gajiya ce, Yaya. Ki rage zaman keke."

Na ce a raina zan tura matata ta yi mata bayani. Yau, gobe, har shekara ta zagayo ban tura ba.

Yanzu Yaya tana kwance a asibiti, gado na shida, ɗakin mata, zobenta ma ya daina zama a yatsa. Jiya da safe ina zaune gefenta, 'yarta mai shekara goma sha biyu tana mata fifita, sai likita ta shigo zagaye. Tana ganina ta washe baki.

"Malam! Ashe 'yar'uwarka ce?" Ta dubi Yaya. "Ai shi ya koyar da mu kan wannan ciwon naki. Kullum cewa yake, mace ta ga jini ba lokacinsa ba, kada a bari sati ya wuce ba a duba ta ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunya irin wannan ban taɓa ji ba.

Bayan likita ta wuce, Yaya ta daɗe tana kallona. Na jira zagi. Da ta zage ni ma da na ji sauƙi.

"Allurar nan taku, za ta yi mini?"

"A'a, Yaya. Kafin a kamu ake yi."

"To." Ta karɓe mafici daga hannun yarinyar. "Tashi ki bi kawunki, ya kai ki a yi miki."

Mun kai bakin ƙofa ta kira ni, muryarta can ƙasa.

"A hanya ka gaya mata ko ta mece ce, Auta. Ita ba yayarka ba ce."