Yashin da Ke Ƙarƙashin Obin

To, ita dai Rumasa'u, da unguwar Jikwoyi ke kira Maman Amir, mace ce mai hannu a girki. Abu ɗaya ya gagare ta: kek. Ga shi ta yi wa ƙanwarta Surayya alkawari a gaban dangi cewa kek ɗin bikinta ita za ta gasa shi da hannunta, tunda uwarsu ba ta raye, ita ce a madadin uwa.

Ta sayi obin na gas, iri ɗaya sak da na maƙwabciyarta Perpetual, Maman Marvel, wadda kek ne sana'arta. Katanga ce kawai tsakaninsu, har kan junansu suke kitsawa.

Gwajin farko ƙasan kek ya ƙone ƙurmus, tsakiya kuwa kamar kunu. Ta ɗauka har da gwangwanin ta kai wa ƙawarta.

"Fulawar ce ba kyau," in ji Perpetual. "Canza kamfani."

Ta canza. Ya sake ƙonewa.

"Ba ki buga ƙwai da bota sosai. Ki buga har kafaɗa ta yi ciwo."

Ta buga har kafaɗar ta yi. Ta rage wuta, sai kek ya ƙi tashi. Ta ƙara, ƙasa ya koma gawayi. Kajin gidan kansu sun ƙoshi, in an watsa musu sai su kalla su wuce. Mai gidanta ya ce da ma ta ce masa gawayi za ta riƙa yi, da ya nemo mata masu saye.

Daga ƙarshe Perpetual ta dafa ta, ta ce, "Maman Amir, kar ki damu kanki. Akwai hannun da kek bai so. Ba laifinki ba ne."

Wannan magana ta zauna mata a rai. Sai ta riƙa duban tafukanta tana wanke-wanke.

Wata Laraba da hantsi, biki ya matso, Perpetual ta leƙo ta katanga tana ɗaura ɗankwali. An kira ta daga makaranta, Marvel na zazzaɓi.

"Ga makulli. Na sa abu a wuta. In kin ji ƙamshi, kashe gas kawai. Kar ki buɗe."

Da ƙamshi ya tashi, Rumasa'u ta shiga ta kashe. Amma ka san mai girki: sai ta ga ai gara ta soka tsinke ta tabbatar ya nuna, kada aikin ƙawarta ya lalace. Ta durƙusa ta buɗe.

Kek ya tashi sumul, ja-ja-ja. A can ƙasa kuwa, daidai kan wutar, ga wani tsohon tire cike da yashi. Yashin gini, wanda ke zube a kowane lungu na Jikwoyi. Shi ke tare zafin ya raba shi a hankali. Tiren ya yi baƙi, ka san ya shekara yana wannan aiki.

Tana nan durƙushe aka yi sallama. Surayya ce. Da ta ga yayarta, sai ta tsaya a bakin ƙofa kamar an kama ta.

"Me ya kawo ki nan ba ki biyo ta wajena ba?"

"Yaya... ɗanɗano na zo yi." Ta sunkuyar da kai. "Maman Marvel ce ta kira ni. Ta ce kin kasa, kunyar faɗa mini kike, wai in ba ta aikin a rufa miki asiri."

Rumasa'u ta jawo kujera ta zauna a kicin ɗin, har Perpetual ta dawo da Marvel a goye. Ta ga obin a buɗe, ta ga su biyun.

"Jikin Marvel fa?" in ji Rumasa'u.

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Maman Marvel, yashi?"

"Ai kowa da sirrin sana'arsa."

"Da kin ce mini sirri ne, wallahi da na haƙura. Hannuna kika ce."

Perpetual ta gyara goyo. "In kin iya, duk matan Islamiyyarku wajenki za su koma. Ni fa da wannan nake riƙe gida."

"Guda ɗaya na so in yi. Na ƙanwata."

Ta ajiye makullin a kan tebur. Ta dubi Surayya ta ce, "Ke kuma in kin ɗanɗana ki same ni. In nata kika zaɓa, ba zan hana ki ba."

Surayya ba ta ɗanɗana ba, ta bi bayanta sumui-sumui. Rumasa'u ta shiga gida ta ɗauko tire, ta tsallaka wajen masu ginin da ke gabansu, ta roƙi yashi. Tana ɗiba da hannu biyu, sai ga muryar Perpetual daga ƙofarta.

"Maman Amir! Ki tankaɗe shi tukuna, ki bari ya bushe. In da danshi zai ɓata miki!"

Rumasa'u ta ji sarai. Ba ta waiwaya ba. Ta miƙa wa Surayya tiren ta ce, "Riƙe da kyau. Rariya na bayan ƙofa."