Babu Tungar Bayi

Tsakanin Wanke da Gusau akwai wata 'yar tunga, gida goma sha biyu da rijiya ɗaya, da kowa ke kira Tungar Bayi. Ba sharri aka yi wa mutanen wurin ba. Wani attajirin Gusau ne ya zuba bayinsa a wurin su noma masa dawa, kuma ko da Turawa suka zo aka ce bauta ta ƙare, sunan ya ƙi tashi. In mutumin tunga ya kai kaza kasuwa, sai an tambaye shi ko ubangidansa ya san ya fito. In ya je neman aure Furfuri, a ba shi ruwa ya sha, a rako shi da murmushi, shi ke nan.

Uwani ce ta fi kowa tsufa a tungar, ita kaɗai ce kuma ba ta son a taɓa sunan. Ba wai daɗi yake mata ba. Shekara biyu kafin zuwan Turawa ubangidansu ya sayar da ɗanta Jatau ga wasu fatake masu bi ta Tsafe su yi kudu. Ta bi su har bakin rafi, ta riƙe hannunsa mai tabon ƙunar kunu, tana nanata masa abu ɗaya: duk ranar da Allah ya kwance shi, ya tambayi Tungar Bayi, ƙasar Gusau. Shekara ashirin ke nan, kuma ko gidan biki ba ta yarda ta kwana a wani gari, kada ya zo ba ta nan.

Da aka ji malamin hakimi zai zo rubuta sunayen ƙauyuka, Hamidu mai unguwa ya tara maza a gindin tsamiya. Aka tsaya a kan Tungar Alheri. Aka kuma ƙulla cewa duk wanda aka tambaya tsohon sunan ya ce bai taɓa jin sa ba, don suna ba ya mutuwa in ana amsa shi. Uwani ta dogaro sandarta ta shigo tsakiyar maza, abin da ba a yi.

"Hamidu, in kunka sake sunan ga, mi Jatau za ya tambaya?"

Hamidu ya sunkuyar da kai, don ya san ta ɗauke shi a goye. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Muna da ɗiya masu tasowa. Ba mu barin su da zagi sabadda mutum guda da ba mu san ko shina da rai ba."

Aka shafa fatiha. Gaskiya kowa ya ji tausayinta, amma tausayin bai hana kowa cewa amin ba.

Bayan kaka, ranar kasuwar Bungudu, Jibo mai sayar da igiya ya dawo yana washe baki. Jibo mutum ne da in ya yi abin kirki sai tungar duka ta ji. Ya zauna bakin rijiya yana ba da labarin wani baƙo, fari, da tsohuwar rigar soja, wanda ya tare shi yana tambayar Tungar Bayi. Wai ya tambaya a Tsafe an ce ya nufo nan. Jibo ya ce shi kuwa ya dube shi ido cikin ido ya ce masa a duk ƙasar nan babu wuri mai wannan suna, ƙila ya gwada wajen Katsina.

Uwani tana kaɗi a inuwar rumbu. Ta ajiye mazarin.

"Ka ga hannunai?"

"Na gani, Inna. Akwai tabo nan ga wuyan hannu, kamar na ƙuna." Sai a lokacin murmushin ya bar fuskarsa.

Ta kama hanyar Bungudu a ƙafa, Jibo na biye da ita yana kuka kamar yaro. Suka tarar kasuwa ta watse. Mai fura ta ce baƙon ya bi ayarin masu jakuna, wani ya ce gabas suka yi, wani ya ce arewa. Hamidu ya aika mutum biyu, suka yi kwana shida suka dawo hannu sake.

Tun daga nan Uwani ta koma zama a bakin hanya, inda turbar tunga ta rabu. Duk wanda ya gifta sai ta ɗaga sanda ta ce masa nan ce Tungar Bayi. Mutanen tunga ba su hana ta ba. Matafiya ne ke tsayawa, su gaishe ta da ladabi, su gyara mata: "A'a Inna, Tungar Alheri ce."