Giyar da Aka Ɗura Don Wata

Kwalba ta uku ta fashe kafin Ottavia ta gama sauka matakala. Ɓarɓashin gilashi ya yanke ta a kunci, kumfa na malala a daɓen ɗakin ajiya. Ta fizgi murfin tukunya ta kare fuska, ta ƙwala wa mahaifinta kira.

Tsoho Gelindo ya sauko a hankali kamar wanda aka kira cin abinci. Ko musu bai yi ba. Ya ce ranar da ta tafi Treviso ne shi da maƙwabcinsa suka ɗura giyar a kwalabe, don watan Ista ya fara raguwa, kuma tun kaka da kakanni ba a bari wannan wata ya wuce. Ta tuna masa cewa ta ɗanɗana, ta auna, ta faɗa masa da bakinta zaƙin bai gama sauka ba. In aka toshe ta haka, iska za ta taru ta yi ɓarna. Ya ce na'urar awonta jiya jiya aka ƙera ta, wata kuwa ya girmi kowa.

"To, Baba, hau sama ka kira watan ya zo ya share."

Abin da ke cin ranta, yau ce ranar gasar ɗanɗanon giya a dandalin ƙauye. Yayanta Tullio ya daɗe yana son sayar da gonar inabinsu ta kan tudu, da ƙyar ya yarda: in masu ɗanɗano suka yaba giyarta ta bana, zai haƙura.

Ta naɗe wata kwalba da buhu, ta tsoma ta a ruwan sanyi, ta buɗe tana kau da kai. Rabin giyar ya tsere sama. Ta tsiyaye sauran a kofi ta kai hanci: ƙamshin tuffa ɗanye, da na burodi da ya fito daga tanda. Ta kurɓa. Kumfar ta yi mata tsatsa a harshe, tsami ya biyo a hankali, ya bar baki tas. Tun da take ba ta taɓa yin irinta ba. Nan ranta ya ƙara ɓaci, domin wa zai ɗora wannan a mota ya bi gangaren nan? Ko ta isa, a fuskar wa za ta fashe?

Ta dangwara wa tsohon kofin. Ya kurɓa, ya lumshe ido, gashin bakinsa ya fara motsi.

"Baba, in ka yi murmushi, sauran ni zan fasa su da hannuna."

Wata kwalbar ta sake tashi a bayansu. Ottavia ta haura waje neman buhuna, jini na bin wuyanta. A bakin ƙofa ta tarar da farar mota, wata mata da ba ta sani ba tana sauke sandunan awon fili. Matar ta dubi kuncin Ottavia, ta dubi tudun.

"Ke ce ƙanwar Tullio? Ya ce ke za ki nuna mini iyakar gonar."