Ranar da Hancin Mai Ganye Ya Toshe

Mai Ganye ba ta taɓa liƙa wa kwalba takarda ba. Shagonta ɗan ɗaki ne a bakin titi, cike da kwalabe iri ɗaya, na garin saiwa da na ɓawo da na busasshen ganye, kuma duk da hanci take rarrabe su. Sai ta buɗe murfi, ta shinshina, ta ce wannan na basir ne, wancan na tarin yara. In ka ce ta rubuta suna sai ta harare ka, ta tambaye ka ko kai ka rubuta wa 'ya'yanka suna a goshi.

To, a makon nan mura ta kama ta, hancin ya toshe gaba ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba. Mai sayar da maganin mura ai ba ta yarda a ji tana jan majina.

Da hantsi wata mata ta zo sayen haɗin da ake ba wadda al'adarta ta yi jinkiri. Haɗi ne mai ƙarfi, wanda Mai Ganye da bakinta take cewa ko kusa da mai ciki kada a kai shi. Ta ɗauko kwalbar sai ta ji ba nauyi, alhali shekaranjiya ta cika ta kuma ba wanda ya saya. Ta dubi ta kusa da ita, ta maganin tashin zuciya, wadda take zaton daga ciki ta ɗibar wa Auta jiya. Tana nan cike har wuya.

Auta 'yarta ce, tela, mai cikin wata huɗu bayan ɓari biyu. Tun da cikin ya shiga uwar take ƙulla mata gari a leda duk mako, jiya ma ta ba ta, ta ce ta dafa ta sha da safe.

Nan take Mai Ganye ta ɗauko wayarta. Ta kira wayar Auta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira surukinta, direban babbar mota, wanda ke kan hanya.

"Ta sha maganin jiya?"

"Ai a shagon ɗinki take sha kullum, Umma. Lafiya dai?"

Ta kashe wayar. Ta ja ƙofa ko kwaɗo ba ta sa ba, ta bar matar tsaye da kuɗinta a hannu, ta tari tasi. Kamar da gayya, titi ya cunkushe, direban kuma irin masu surutun nan ne, yana ta ba ta labarin tsadar taya. Ita kuwa ba abin da take gani sai zanin da ta wanke da hannunta ranar ɓari na biyu, da yadda Auta ta juya fuska bango ta daina magana. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, don wannan karon ba wanda za ta ɗora wa laifi.

A shagon ɗinki, abokiyar aikin Auta ce kaɗai ke taka keke. Keken Auta ba kowa, ga wayarta a kan yadi, ga kofi da ragowar wani abu ruwan ƙasa a ciki. Mai Ganye ta fizgi kofin ta kai hanci. Ba ta ji komai ba. Ta sake ja da ƙarfi har idonta ya kawo ruwa.

"Tana banɗaki," in ji abokiyar aikin.

"Tun yaushe?"

Kafin a amsa Auta ta fito tana goge hannu.

"Umma, ke ce da ranar nan?"

"Maganin jiya. Kin sha?"

"Na sha mana. Ya yi min amfani sosai."

Mai Ganye ta riƙe mata hannu. "Ɗauko mayafinki, asibiti za mu yanzu. Ba na tashin zuciya na ba ki ba, na kuskure kwalba. Na saukar da jini ne."

Keken abokiyar aikin ya tsaya. Auta ta sunkuya ta jawo akwatin da take tara ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, ta ɗaga na saman. Ledoji ne jere, kowacce da ƙullin Mai Ganye, ba wadda aka kwance. Ta jiya ce a sama.

"Shayi ne a kofin," in ji Auta, kanta a ƙasa. "Likita ta ce kada in sha komai sai ta gani. Na kasa gaya miki, Umma. Na ga yadda kike murna in kina ƙulla min."

Mai Ganye ta zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki. Duk mako take tambaya, duk mako ana ce mata ya yi amfani, har ta riƙa ba maƙwabta labarin cewa ita ta riƙe cikin nan. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma ga ta tana ta hamdala, hawaye na zuba, don 'yarta ba ta ji maganarta ba.

"Ki yi haƙuri, Umma."

Mai Ganye ta ɗora tafin hannu a kan cikin Auta, ta bar shi a nan.

"Ko na sake kawowa," ta ce, "kada ki sha."